Ranar da Aljihuna Ya Yi Shela

Yau kwana huɗu ke nan rana ba ta leƙo mu ba. Marka ta zauna daram, katangu sun jiƙe har suna wari, kanal ɗin bayan gidana ya cika yana zuba cikin shinkafa. A wannan yanayin ne masallacin unguwarmu ya sayi sabon makirufo marar waya, kuma da yake har yanzu ni nake yi musu sanarwar suna da ta jana'iza, ni aka fara miƙa wa. Na faɗi abin da zan faɗa, na kashe shi, na buɗe gindinsa na zare batir, na ajiye kowanne daban a kan taga. Ladan ya yi dariya har da riƙe ciki, wai Baba Garba yana tsoron kada abin ya cije shi. Na ƙyale shi ya yi dariyarsa. Bai taɓa ganin abin da ɗan ƙarfen nan yake iya yi wa mutum ba. Ni na gani, kuma a cikin irin wannan markar ce.

A ƙarshe-ƙarshen shekarun saba'in ne, lokacin da azumi yake faɗowa tsakiyar damina. Aikin ruwa ya iso yankinmu, tsakanin Kura da Bunkure. Katafiloli suna baje gonaki, ana haƙa kanal, ana sake auna wa kowa rabonsa. Masu aikin suna neman wanda zai riƙa zagaya ƙauyuka yana faɗa wa mutane abin da ake ciki: gonakin da za a shiga, ranar da za a saki ruwa, inda ba a so shanu su taka. Ba ilimi suka nema ba, murya suka nema, ita kuwa Allah ya ba ni har ta yi yawa. Innarmu takan ce ban iya raɗa ba, ko sirri na faɗa mata sai maƙwabta sun amsa.

Mu biyu ne maza a wurin mahaifinmu, ni da Yaya Mudi. Da Baba ya rasu, shi ya riƙe gandu, shi ya yi mini aure, shi ya gina mini ɗaki. Mutum ne dogo marar yawan magana, wanda ko ashana ba ya roƙa. In wutarsu ta mutu gara ya jira a sayo. Rumbuna uku ne a tsakar gidanmu, kuma duk wanda ya biyo ta hanyar rafi yana hango kawunansu ta saman katanga. Da su ake kwatance a ƙauyen. Ranar da na gaya masa zan bar gandu in kama aikin albashi, bai yi faɗa ba. Ya ce Allah ya ba da sa'a, ya ci gaba da ɗaure ƙotar fartanyarsa. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Cikin shelar da na fara yi har da ta gonarmu. Da bakina na faɗa wa garinmu cewa katafila za ta shiga ɓangaren yamma. Ta shiga, ta kankare baƙar ƙasar da kakanninmu suka shekara suna zuba wa taki, aka dawo wa Yaya da fili shimfiɗaɗɗe mai jan yumɓu. Dawar da ya shuka a wannan shekarar iya ƙugu ta tsaya. Na san girbin bai yi kyau ba. Amma da rani na zo gida na tarar ya yi wa rumbunan ukun sabuwar jinka, sun tsaya tsaf kamar kullum, sai na ce a raina ashe Yaya yana da ajiya. Ban ƙara tunanin abin ba.

Kayan shelar kuwa abin kallo ne a lokacin. Mota ce mai babbar lasifika a samanta, da wani akwati a ciki mai eriya, sai makirufon kansa, wanda Turawan aikin suka zo da shi daga ƙasarsu. Babu waya ko ɗaya a jikinsa. Kana iya barin motar a bakin gari ka taka har gindin bishiya kana magana, muryarka tana fita ta can. Tsofaffi suna kauce masa. Wani dattijo ya taɓa tambayata da gaske ko da dare ina jin motsi a cikinsa.

Malam Isiyaku, mai kula da kayan, shi ya zaunar da ni ya koya mini, yana ƙirgawa da yatsu kamar mai biya wa yaro karatu. Kada ruwa ya taɓa shi, ko gumin hannu in ya yi yawa a goge. Kada in hura masa iska, kada in ƙwanƙwasa kansa don in ji ko yana aiki. In bar tazarar yatsu huɗu tsakaninsa da bakina. Kada in tsaya da shi a gaban lasifika, don zai yi wata ƙara da za ta iya toshe wa mutum kunne. In hadari ya taso a sauke eriya, ni kuma in bar fili. In an tashi aiki a zare batir, kada ya yi tsami a ciki. Na ƙarshe shi ne wanda ya fi nanatawa, cewa da zarar na gama magana babban yatsana ya koma kan makunni ya kashe. Ya ce abin nan ba shi da kunya, duk abin da ya ji sai ya faɗa. Na yi dariya, na ce ashe ni da shi uwa ɗaya ce ta haife mu.

Azumin daminar da ta biyo bayan wancan girbin shi ne mafi kaɗaici da na taɓa yi. Matata Hansatu ta tafi wanka gidansu a Madobi da ɗanmu na fari. Ni kuma an ba ni ɗaki a sansanin ma'aikata, mai rufin kwano, wanda in ruwa ya sauka ko tarin kanka ba ka ji. Da asuba in sha ragowar fura in yi sallah, in goge makirufo, in jira Ɗanjuma direba. Mu fita cikin taɓo, mota tana kakarewa muna turawa. Duk garin da muka shiga, maza suna hango mu sai su tuna da wani aiki a bayan gida. Ba wanda ya taɓa zagina. Sunana dai suka canza mini, na koma Garba Lasifika, kuma in na zauna a majalisa hira takan koma maganar ruwan sama. Ina ganin laifinsu a lokacin. Yanzu na san cewa duk ranar da suka ji muryata, wani ya rasa inda zai shuka.

Ga yunwa kuma. Gero ya yi kai amma bai nuna ba, na bara ya ƙare, watan da kowa yake ɗaure ciki ke nan ko a shekarar ƙoshi. Kana wucewa ka ga maza sun jeru a gayya suna maimai, bakinsu ya bushe, laka har gwiwa, babu kiɗa babu waƙa. Mata suna bin bakin kanal suna tsinkar tafasa da rama. Rana in ta samu ta fito bayan ruwa, ƙasa takan yi wani tururi mai nauyi da yake hana numfashi, ƙishirwa ta kama ka alhali ruwa ya kewaye ka ta ko'ina. Da la'asar nakan kasa kunne in ji ƙarar turmi. A da ƙauye gaba ɗaya yake ɗauka, gida yana amsa wa gida. A wannan shekarar sai ka ƙirga gidajen da ake daka da yatsun hannu ɗaya.

Ni ban ji yunwa ba, kuma wannan ma yana cikin abin da ya ware ni. Akwai buhun dawa jingine a ɗakina, na saya tun da rani, ban ci ko rabinsa ba. Wata tsohuwa a bakin sansani take yi mini kunun tsamiya da tuwo. In an kira magariba in zauna a bakin ƙofa ni kaɗai, kwaɗi suna ta kuka, sauro yana cizona, in sha kunun ba tare da na ji ɗanɗanonsa ba. Zauren gidanmu nake tunawa, inda muke shan ruwa a ƙwarya ɗaya da Yaya, ludayi yana zagawa.

Sau biyu na je gida shan ruwa. Na farko Yaya ya tare ni a ƙofa ya ce mu wuce masallaci, daga can kuma ya raka ni har bakin hanya. Na biyu ya fito mini da ruwa a moɗa, ya ce girki ya makara, itace ya jiƙe, kada dare ya yi mini. Na hau kekena raina a ɓace. Na ce har yanzu fushin gandu yake yi, to ni ma ba zan ƙara kai kaina ba. Wawa ne ni, ba wata kalma da ta fi wannan dacewa.

Azumi ya kai rabi, ranar kasuwar Bunkure ta zo. Muka ajiye mota a gefen gabas, bakin lasifika yana kallon rumfuna. Ɗanjuma ya kwantar da kujera ya rufe fuska da hula, azumi ya galabaitar da shi. Ni kuma na zagaya ina shela cewa za a gwada sakin ruwa a sabon kanal, kowa ya ja kunnen 'ya'yansa. Hadari yana haɗuwa a gabas, baƙi ƙirin, iska mai sanyi ta fara kaɗowa tana ɗaga tabarmin rumfa. Ina rufe baki ke nan na ji an taɓa kafaɗata.

Yaya ne. Rigarsa fara tas, an wanke an buge, hularsa a zaune daidai, amma wuyansa ya yi tsawo a cikin rigar. Ya yi mini alama da kai, na bi shi. Muka wuce motar, muka zagaya bayan wani dogon sito na ƙasa, inda babu kowa sai tumaki biyu da suka fake.

Ga inda abin ya faru, kuma na juya shi a raina ba adadi. Ba a gaida babban wa da hannu ɗaya. Ba a tsayawa kuma ana latse-latsen wani abu yana jira. Tun ina yaro jikina ya san in na zo gabansa hannuwana biyu za su fita, gwiwata ta sauka. Sai kawai na zura makirufon a aljihun gaban rigata, kansa a waje, yadda nake zura goro, na durƙusa na kama hannunsa. Yatsana bai je kan makunni ba. Can ƙasan zuciyata ma ina ganin abin da aka sa a aljihu, aka yi nisa da shi, aka sha kwana, ai ya huta da aiki.

Ya ɗaga ni. Ya tambayi Hansatu, ya tambayi yaro, ya tambayi yadda muke fama da taɓo. Daga nan ya matso har ina jin numfashinsa, ya sunkuyo daidai ƙirjina, ya rage murya.

"Garba, rumbunan nan da kake gani babu ko ƙwaya a ciki. Tun kafin azumi. Irin da na ɓoye ma mun ci. Yau kwana uku da tafasa muke shan ruwa, yara kuwa ba su san azumi ba, kuka kawai suke yi. Ban faɗa wa kowa ba, ko liman. Kai ne ɗan'uwana. In kana da ko tiya biyu ka kawo mini, amma ta ƙofar baya, kada kowa ya gani."

Zan faɗi gaskiya, daɗi na ji. Tausayi ya zo daga baya, amma abin da ya fara shiga raina daɗi ne, cewa ashe ba korata yake yi ba, ashe duk duniya ni ya zaɓa. Na ce masa buhu guda yana nan, nasa ne. Ya dafa kafaɗata. Iska tana busowa daga bayanmu tana wucewa kasuwa, ta kwashe duk wata ƙara ta yi gaba da ita, ga katangar sito ta tsare. Na ɗan ji wani gunji daga nesa, na ɗauka hadari ne.

Muka zagayo. Ban taɓa jin kasuwa ta yi shiru irin haka ba. Mahauci ya ajiye wuƙa. Mai awo ya tsaya da tiya a hannu. Mutane cike, amma kowa ya samu abin da yake kallo a ƙasa. Ɗanjuma yana tsaye a jikin mota riƙe da wayar lasifika da ya fizge, fuskarsa duk ta sauya. Da na iso kusa ya yi magana a hankali.

"Ba ka kashe ba."

Yaya ya kalli lasifika, ya kalli aljihuna. Bai kalli fuskata ba. Ya gyara zaman hularsa, ya bi ta tsakiyar kasuwa, hanyar da ta fi kowace cunkoso, yana gaida mutane ɗaya bayan ɗaya kamar yadda ya saba, suna amsawa ba tare da sun ɗago ba. Kafin ya kai bakin hanya ruwa ya kece. Ni kuwa na tsinci kaina na cusa makirufon cikin riga na rungume, kada ya jiƙe. Wannan dokar kam ban manta da ita ba.

Kafin magariba, in ji Asabe matar Yaya, zaurenmu ya cika da ƙore a rufe da faifai. Wani gero, wani rogo, wani ɗan wake da bai cika tafi biyu ba. Ba wanda ya yi sallama, ajiyewa suke yi su juya. Yawancinsu su ma tafasar suke ci. Ba wanda ya yi masa dariya, a ranar ko bayanta, kuma ban taɓa jin an tayar da zancen a majalisa ba. Ya karɓa saboda yara. Asabe ta san ƙwaryar kowane gida, don haka washegari ya bi gidajen ɗaya bayan ɗaya ya mayar, ya durƙusa ya yi godiya, har ga waɗanda shekara da shekaru shi yake auna musu.

A washegarin ne na iso da buhun a bayan keke, na nufi lungun baya, sai na ga Yaya tsaye a ƙofar zaure.

"Shigo da shi ta gaba," ya ce. "Yanzu babu abin ɓoyewa."

Na sauke, na durƙusa, na fara ba da haƙuri ina kuka kamar ƙaramin yaro. Ya ce ba komai, ƙaddara ce, ya tambaye ni ko jiya ruwan ya kai wajenmu. A makon nan ya hau ya sauke jinkar rumbuna biyu, ya bar su a buɗe marka ta narkar da su.

Yunwar ta wuce. Aka yi tumu, aka yi sallah, Hansatu ta dawo da yaro ya yi ɓul-ɓul. Ruwan kanal ya zo, jan yumɓun nan ya sha taki ya yi laushi, Yaya ya koyi noman rani ya fi kowa iyawa: alkama, tumatir, daga baya shinkafa. Ya je Makka, ya kai Asabe. Bai taɓa yanke zumunci da ni ba. Shi ya raɗa wa 'ya'yana suna, shi ya karɓi aurensu. Amma daga ranar nan gaisuwa ce kawai tsakaninmu, doguwa, cikakkiya, babu komai a cikinta. A bakin wasu nake jin an kawo kuɗin 'yarsa, a bakin wasu na ji ya yi asarar shanu. Kuma duk lokacin da na shigo, kafin ya miƙo hannu, sai idonsa ya sauka a ƙirjina. Ba na jin ya san yana yi. Ni dai tun bayan sallar nan na gaya wa tela kada ya ƙara yi mini aljihun gaba.

Yanzu ina ganin mutane suna tafe suna faɗa wa waya matsalar gidansu a tsakiyar titi, wasu ma har rediyo suke bugawa. Wataƙila sun fi mu samun sauƙi. Ban sani ba.

Ciwon ajalinsa ma a marka ya same shi, shekara talatin da wani abu bayan haka. Na je dubiya wata safiya na tarar ɗakin ba kowa, Asabe da 'ya'yanta suna madafa. Ya rame har ba a ganin tudunsa a cikin bargo. Na durƙusa na kama hannunsa da hannu biyu. Ya zare hannun, ya ɗora a ƙirjina, yana shafawa a hankali, hagu da dama.

"Ashe ka cire," ya ce.

"Tun wannan shekarar, Yaya."

Ya daɗe yana kallona, fuskata wannan karon. Ya kalli ƙofa, ya jawo wuyan rigata har kunnena ya zo bakinsa.

"Garba, yunwa nake ji. Kunun nan nasu ba ya shiga. Fura nake so, mai yaji, irin ta Inna. Kada ka gaya musu, ransu zai ɓaci."

Waɗanda ya ce kada in gaya wa, babbarsu Asabe ce, ta bi shi tun tuni ba ta sani ba, shi ya sa yau bakina ya buɗe. Na tashi na fita. Ana yayyafi na taka har rugar da ke bayan kanal na samo nono, na sayi fura, na dama da hannuna a ɗakina, na rufe kwanon na sa a cikin riga. Ya sha ludayi uku, ya lumshe ido, ya ce ta yi.

Ta ƙofar baya na shigo da ita, kuma babu wanda ya gani.